Foldar da na raɗa wa suna Taya

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don Allah ka ɓoye sunana, sunayen mutanen da zan ambata da na ƙauyen da zan faɗa ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara. Tun farko ina so ku sani cewa wani ɓangare na labarin nan ya kwana biyu, kuma ni tun lokacin kaina ba ya riƙe abu yadda ya kamata, yau in ga kamar abu kaza ne ya fara faruwa, gobe in ga kamar ɗayan ne. Zan faɗi abin da na tuna, inda ban tabbata ba kuma zan ce ban tabbata ba.

Ni ɗan Maiduguri ne, a Ajilari nake zaune gidan iyayena. Na karanta kimiyyar kwamfuta, na gama bautar ƙasa na yi zaman jiran aiki, daga baya Allah ya haɗa ni da wata ƙaramar ƙungiya ta 'yan gari. Aikinta shi ne haɗa mutanen da rikicin nan ya raba, wanda ke neman matarsa, wadda ke neman 'ya'yanta, da waɗanda suka kuɓuto daga daji suna neman danginsu. Mutum zai zo ya ba da sunansa da hotonsa da garinsu na asali da inda yake zaune yanzu da lambar wayar wani nasa. Abokan aikinmu da ke zuwa sansanonin gudun hijira kuma suna shigar da bayanan ta shafinmu na intanet da wayoyinsu. Duk wannan yana taruwa ne a cikin babbar kwamfuta guda da ke ɗauke da shafin, wadda muke kira saba, tana ajiye a wani ɗan ɗaki kusa da inda batiran sola suke. Ni ne mai kula da ita, ni kaɗai. A ofis Injiniya ake ce mini, duk da ban cancanci sunan ba.

Akwai wata ƙawar mahaifiyata, zan kira ta Ya Falmata, tana tsintar kifi da jera banda a Kasuwar Kifi ta Baga Road. Tun ina yaro take shiga gidanmu. Ƙaninta Abba Gana masunci ne a bakin tafki, mutanen daji suka riƙe shi shekaru yana kama musu kifi, har Allah ya ba shi sa'a ya gudo. Jami'an tsaro sun tantance shi sun sake shi. Duk wanda ya san yankin ya san abin da ake yi wa wanda ya gudu in an same shi, shi ya sa ba ta ajiye shi a cikin gari inda 'yan kifi ke kai da kawo ba, ta kai shi Dusuman wurin wasu dangin mijinta yana noma. Matarsa da yaransa biyu kuwa ba a san inda suke ba. Saboda su ne ta zo ofishinmu. Ta ƙi zama gaban mai rajista, ta ce sai ni. Na tuna ta jawo kujera har gwiwarta na taɓa teburina, ta rage murya ta ce, "Ɗana, kai za ka rubuta da hannunka. In matarsa ta ɓulla a san inda za a same shi. Amma ban da kai da injin nan kada wani ya san Dusuman." Na ce mata injin ba ya magana. Har dariya muka yi.

To ita sabar akwai wata manhaja mai gadinta, wani ƙwararre ne ya zo daga Abuja ya saka mana, ya koya mini kwana uku ya koma. Aikinta ta duba duk abin da ke shiga sabar da abin da ke fita, in ta ga abin da ba ta yarda da shi ba ta turo mini saƙon gargaɗi ta imel, kwamfutata ta yi 'yar ƙara. Matsalar ita ce gargaɗin ba ya ƙarewa. Duk shafin da ke intanet akwai injuna daga ko'ina a duniya da ke yawo suna taɓa ƙofarsa ko a buɗe take, ba don sun san ka ba. Ga kuma namu mutanen, in suna tura hotuna daga sansani da raunin sabis hoton ya yanke a hanya, sai manhajar ta ɗauka hari ne. A watannin farko kowane saƙo sai na buɗe na karanta na rubuta shi a littafi, ni mutum ne mai yawan fargaba, har abinci nake fasawa. Koyaushe kuma ba komai ba ne.

Wanda bai zauna a garin nan a shekarun nan ba, zai yi masa wuya ya gane abin da zan faɗa. Idan aka ji ƙara mai ƙarfi daga wani sashe na gari, kafin kowa ya yi magana sai wani ya ce taya ce. Wato tayar mota ce ta fashe. Uwa tana faɗa wa 'ya'yanta, mai shago yana faɗa wa mai saye, direban keke napep yana faɗa wa fasinja. Wani lokaci da gaske tayar ce, wani lokaci kowa ya san ba ita ba ce, amma sai a faɗa a ci gaba da abin da ake yi, don in ba haka ba ba wanda zai iya fita daga gida. Wata rana muna taro kwamfutata ta yi ƙara na zabura, shugabanmu, zan kira shi Malam Bukar, ya ce, "Zauna Injiniya, taya ce." Aka kwashe da dariya. Daga nan ya bi bakin kowa, da an ji ƙarar sai a ce tayar Injiniya ta sake fashewa. Ni ma na ji sauƙi, gaskiya. Sai na buɗe folda a imel ɗina na raɗa mata suna Taya, na tsara yadda duk gargaɗin da ya shafi shafin tura hotuna zai wuce can kai tsaye, ba ƙara ba komai. Na yi niyyar in riƙa dubawa duk ƙarshen mako. Na duba sau biyu ko uku, ina jin. Bayan nan ban sake ba.

Wanda ya gano abin ba ma'aikacinmu ba ne. Wani ɗan kudu ne mai shagon kayan sola da na kwamfuta, zan kira shi Oga Emeka, ya daɗe a garin nan har Kanuri yana ɗan taɓawa. Ran Juma'a muna tashi da sha biyu, ni kaɗai nake komawa bayan salla in yi aiki har yamma, shi kuma ya fi son zuwa a lokacin, tunda ba masallaci zai je ba kuma ba mai damunsa. Wata Juma'a ya zo canza batira na bar masa makulli. Da na dawo daga masallaci na same shi tsugune gaban akwatin da wayoyin intanet ke shiga, yana kallon 'yar fitilar layin sabar.

Ya ce, "Injiniya, aljani kuka ɗauka aiki? Kowa ya tafi salla, fitilar nan tana rawa kamar gidan biki. Waccan Juma'ar da na zo gwada batir ma haka ta yi."

Na ce masa taya ce, ina dariya.

Bai yi dariya ba. Ya miƙe yana goge hannu a wando ya ce, "Ranar da shagona na farko ya ƙone ma taya aka ce mini. Je ka duba abinka."

Bayan ya tafi na buɗe foldar. Saƙonni ne jibge, na fara karantawa daga ƙasa. Na farko-farko irin waɗanda na saba gani ne, wani ya gwada kaza bai samu ba. Can sai na ga salon maganar ya canza. Ɗaya ya ce an tura fayil ta wurin saka hoto amma cikinsa ba hoto ba ne. Na nemo fayil ɗin a cikin hotunan mutane, yana nan tsakanin hoton wata tsohuwa da na wani yaro, sunansa kamar na hoto amma ƙarshen sunan na manhaja ne. Da na buɗe, 'yan layukan rubutu ne kawai, waɗanda ke ba duk wanda ya san da zamansu damar ba sabar umarni daga nesa kamar yana zaune a kujerata. Saƙonnin da suka biyo baya ba su ce an gwada ba, cewa suka yi sabar ta amsa. An tambaye ta sunan mai iko da ita ta faɗa, an ce ta jero abin da ke cikinta ta jero. Sai kuma wasu da ke cewa sabar da kanta ce ke kiran wani adireshi a waje. Wannan shi ne abin da ƙwararren ya fi nanata mini a kwana ukun nan, cewa saba amsawa take yi, ba ta kiran kowa, ranar da ka ga ta fara kira to wani ne a cikinta. A ƙarshe na ga kaya mai nauyi ya fita, a ranakun Juma'a, tsakanin ɗaya da biyu na rana. Juma'a biyu ne ko uku, ban tabbata ba. Nauyin abin da ya fita ya yi kusa da nauyin rajistarmu gaba ɗaya har da hotuna. Kusa na ce, ban auna shi yadda ya kamata ba.

Ina so in yi adalci a nan. Lokacin sallar Juma'a zai iya nufin wanda ya yi ya san mu, ya san lokacin da ofis ke zama ba kowa. Zai kuma iya zama lokacin ne ya dace da safiya ko yammacin wani a wata ƙasa, shi ke nan. Adireshin da ke waje ma ba ya nuna komai, mutum yana iya zama a bayan layinmu ya bi ta wata ƙasa. Yawancin masu irin wannan kutse ba ruwansu da sunan wani masunci, saba suke nema su riƙa tura saƙonnin damfara da ita. Duk wannan na san shi, kuma har yau ina maimaita wa kaina.

Abin da na yi a lokacin shi ne na zare wayar intanet daga bayan sabar, na zauna. Ban ji komai a raina ba. Akwai shinkafa da na sayo a hanya, na buɗe na cinye tas, na wanke hannu, na kulle ofis na tafi gida. Mahaifiyata ta ce yau ka dawo da wuri, na ce eh.

Washegari na je gidan Malam Bukar na faɗa masa komai, har da maganar foldar. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya tambaye ni ko zan iya rantsuwa cewa sunayen ne suka fita, na ce ba zan iya ba. Ya tambaye ni ko na san wanda ya ɗauka, na ce ban sani ba. Sai ya ce to me za mu je mu faɗa wa mutane, mu ce musu wataƙila wani da ba mu sani ba ya san inda kuke? Ya ce mutanen nan sau nawa suka gudu, yanzu suka samu wurin shimfiɗa tabarma, mu je mu tashe su a kan wataƙila. Ya ce masu tallafa mana in suka ji za su janye, aikin ya mutu, waɗanda ba a gano nasu ba kuma shi ke nan. Na kawo maganar kai rahoto ga hukuma, a nan ne kawai ya ɗaga murya. Ya ce, "Kai ne mai fasuwad ɗin shiga sabar, kai ne matashi, sunayen waɗanda suka gudo daga daji sun fita ta hannunka. Wa kake tsammani za a fara ɗauka? Ni zan je in gaya wa mahaifiyarka?" Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban tabbata ina gani ba. Mutumin kirki ne, shi ma akwai ɗan uwansa da har yau ba labari.

Shawarar da ya yanke ita ce in goge sabar gaba ɗaya in sake ginawa, mu canza duk kalmomin sirri, a cire adireshin mutane daga intanet a mayar da shi takarda a cikin kabad. Na yi hakan cikin kwana biyu, kuma na yi shi da kyau, wannan kam zan iya faɗa. Abin da ban yi tunani ba sai daga baya shi ne, da na goge sabar na goge duk wata shaida da wanda ya fi ni sani zai iya dubawa ya ce ga ainihin abin da ya fita. Foldar imel ɗin ma Malam Bukar ya ce in share, na share. Sauran ma'aikata an ce musu gyara ake yi. Wasu ina jin sun gane, don daga lokacin ba wanda ya sake tsokanata in kwamfutata ta yi ƙara.

Watanni suka wuce ba abin da ya faru. Na ci gaba da aiki, ina buɗe kowane gargaɗi, ina cin abinci ina barci. Mutane na cewa na yi ƙiba. Ba zan ce ina cikin damuwa ba, na fi kama da wanda aka yi wa allurar kashe zafi a wurin cire haƙori, ka san ana taɓa wurin amma ba ka ji.

Makon jiya da safe zan fita aiki na haɗu da Ya Falmata a bakin layinmu, ta ɗauko buhunta za ta kasuwa. Muka gaisa, ta yi mini wushe wushe, gaisuwar Kanuri irin tata, ta ce na manta da ita tunda na zama babban mutum. Sai ta ce, "Af, ku ne kuka kira ni shekaranjiya? Wani ya ce daga wurin masu neman dangi yake. Ya ce Abba Gana yana nan Dusuman ɗin ko ya tashi?" Na tambaye ta me ta ce masa. Ta ce, "Me zan ce, na ce yana nan, ga gero ya fara kai. Na ce ko an ga matarsa ne, sai layin ya yanke. Kanurinsa irin na bakin ruwa ne, na ce ashe kun ɗauki mutanenmu aiki." Fuskarta cike da murna, ita a tunaninta labari ne ke tafe. Ta sake tambayata, ku ne ko? Na ce mata wataƙila mu ne, zan bincika. Wannan ita ce kalmar da ta fito daga bakina, wataƙila. Ta sa mini albarka ta tare keke napep ta tafi.

Na bincika. Ofishinmu akwai littafin da ake rubuta duk kiran da aka yi, babu lambarta a ciki. Na tambayi masu kiran waya ɗaya bayan ɗaya cikin dabara, ba wanda ya tuna. A iya sanina ba mu da ma'aikaci ɗan bakin tafki. Amma kuma akwai 'yan sa-kai da ke zuwa su tafi, ba kowa ke rubuta kira a littafi ba, akwai kuma wasu ƙungiyoyin da ke irin aikinmu, wataƙila shi Abba Gana ya ba da sunansa a wani wuri ba ta sani ba. Kasuwar kifi ma ba a ɓoye magana a cikinta, zai yiwu wani ya bi ta ranar da ta kai masa kaya. Lambar da aka kira ta da ita na karɓa na gwada da wani layi, a kashe take. Na faɗa wa Malam Bukar, ya dafe kai, ya ce in ba shi lokaci ya yi tunani. Yau kwana shida.

Ga inda na tsaya 'yan uwa. In na je na faɗa wa Ya Falmata gaskiya, za ta ɗauke ƙaninta daga Dusuman a ranar, ya bar gonar da ya sha wahala a kanta ana dab da girbi, kuma ban san inda za ta kai shi ba. Ba za ta iya riƙe maganar ba, ba don mugunta ba, akwai maƙwabtanta a kasuwa da ita ce ta kawo su suka yi rajista, dole ta gaya musu. Cikin kwana biyu gari ya ɗauka, daga nan kuma abin da Malam Bukar ya faɗa game da ni da ƙungiyar zai iya tabbata. Ni kaɗai ne namiji babba a gidanmu. In kuma na yi shiru, ya zamana kiran nan daga inda nake tsoro yake, to ita da bakinta ta tabbatar musu yana nan, saboda ta ɗauka ni ne. Na yi tunanin in ce mata kawai ta matsar da shi ba tare da na faɗi dalili ba, amma na san ta, za ta kalle ni ta ce me ya faru ɗana, kuma ban san ko zan iya yi mata ƙarya karo na biyu ba. Sannan ba shi kaɗai ne a rajistar ba, shi ne dai wanda na san fuskar 'yar uwarsa.

Don Allah ku gaya mini, in faɗa mata duka, ko in faɗa mata rabi, ko in jira Malam Bukar? Akwai hanyar da mutum zai sanar da hukuma irin wannan ba tare da ya kwana a hannunsu ba? Masu ilimin kwamfuta a cikinku, bayan an goge saba akwai sauran inda za a iya gano abin da ya fita, ko a wurin kamfanin da ke ba mu intanet? Malamai kuma, amanar da aka ba ni na yi sakaci da ita ba da niyya ba, mene ne a kaina yanzu? Zagi ma in kun ga na cancanta ku yi, zan karanta, amma ku haɗa da shawara, don jibi Asabar take zuwa gidanmu gaida mahaifiyata kuma za ta tambaye ni abin da na binciko.

Na san akwai waɗanda muka yi aiki tare a wannan zaure, kuma za su gane ofishin duk da na ɓoye suna. Ina roƙonku duk inda na yi kuskure ku tura wa admin gyara, ba sai kun bayyana kanku ba. Ko Juma'a nawa ce, ko adireshin mutane ya riga ya shiga sabar a lokacin ko sai daga baya, ni na kasa tunawa. Idan kuma a cikinku akwai wanda ya kira wata mata mai sayar da banda a makon jiya ya tambaye ta ƙaninta ya manta bai rubuta a littafi ba, don girman Allah ya faɗa kafin Asabar.